Mai Tsaron Shiru

Shekara huɗu na yi a Santiago ina karatun haske:
inda yake sauka a kunci, inda yake tsaga inuwa.
Na rubuta kundi, shafi casa'in, a kan taga guda.
Ranar da aka miƙo mini takardar uwata ta yi hawaye,
ta kai wa mai gilashi, ta rataye ta saman firji.

Ga ni yau a Valparaiso, ƙarfe huɗu na asuba,
a gindin matakala ɗari da sittin da biyu,
cikin riga ruwan lemo da wani ya riga ni yin gumi a ciki,
oba-oba a ƙugu, salatif a hannu kamar awarwaro.
Kyamarar tana can sama, an ce.
Kwana tara ke nan ban sa ta a ido ba.

Aikina tare mutane.
"Don Allah, minti biyu."
Mai burodi ya harare ni. Wani ɗan dakon tashar jiragen ruwa
ya ce matakalar nan ta girmi kakata,
wa ya sayar mana da ita?
Minti biyun ƙarya ne, ni da su duk mun sani.

Na koyi naɗe waya ba ta murɗe ba.
Na koyi wa ke shan kofi baƙi, wa ke son madara,
wa ba a yi wa sallama sai ya kurɓa.
Darakta na kira na Rosa. Sunana Rayen.
Nakan amsa. Wanda bai samu kujera ba
ina shi ina gyaran suna?

Rana ta goma, Eleuterio mai ɗaukar sauti,
tsohon da ke jin tarin tururuwa,
ya zare abin kunnensa ya ce, "Akwai rediyo.
Gida mai shuɗin kwano, hawa na biyu. Je ki."

Brunilda ce ta buɗe, gari a hannunta.
Ta ce tun da aka binne mijinta ba ta kashe shi ba,
shekara shida;
gidan yakan ƙara faɗi in ya yi tsit.
Na ce, minti biyu.
Ta ce, "'Yar nan, kin iya ƙarya da ladabi.
In na kashe shi, ke za ki zauna a madadinsa."
Na ce ni ma an hana ni magana.
Ta ce, "Wa ya ce ki yi?"

Muka zauna.
Na cire wa firjinta wuta, na ba karenta gurasata.
Can ƙasa jirage na jan ƙarfe cikin hazo.
Sai rana ta hau tudu, ta shigo ta taga,
ta sauka a kuncin tsohuwar
daidai yadda na faɗa a shafi na arba'in,
ba kyamara, ba wanda zan taɓa in ce duba.
Awa uku.
Da oba-oba ta ce an gama, ba ta tashi nan da nan ba.

Bayan wata takwas aka nuna shi a talabijin.
Mace da namiji a kan matakala, sun kasa ce wa juna komai,
daƙiƙa arba'in cur.
Uwata ta matso da kujera. "Ina naki aikin?"
Na ce, saurara.
Ta karkata kai. "Ban ji komai ba."
Na ce, to, shi ne.

Sunaye suka wuce da gudu, ba mu kama nawa ba.
Ta tashi ɗumama miya.
Na sa agogo ƙarfe uku da rabi:
gobe tallar sabulu ce, kusa da filin jirgin sama,
kuma Eleuterio ya ce in zo da haƙuri.