Mahauci da Awara

Shekara talatin Kawu Tanimu na fawa a Tudun Wada,
wuƙarsa ta san haƙarƙari kamar yadda liman ya san sahu.
Da romon ƙashi ya yi jinyarmu.

Sai ga ranar Shika.
Likita ta ɗaura masa awo a damtse:
"Baba, kitse ya ishe ka. Rage jan nama."
Ya ce, "To me zan ci, yarinya? Ciyawa?"

Inna Tasalla ba ta tanka ba.
Ta jiƙa waken suya tun asuba,
ta markaɗa, ta tace, ta zuba ruwan tsami,
ta soya sama-sama, ta barbaɗa yaji.

Ya juya yanka ɗaya, juyin mai neman jijiya.
"Wannan ba ta taɓa kuka ba,
ba ta san mayanka ba."
Ya ci. Ya ƙara.

Yanzu yau wake, gobe alale,
kifi in an samu, ƙwai ga jikoki;
nama sai Juma'a, ɗan gutsure.
Shi ya ce hanta ce mai ƙara jini,
Inna ta ce wake ba ya toshe hanyarsa.
Ba wanda ya sauka.

Amma jiya na hango shi a Kwangila,
rigar fawa a jiki,
yana ja-in-ja da mai awara:
"Ƙaro gyara, 'yar nan.
Ni ma mai tebur ne."