Teku a Cikin Jarka

Isiyaku direba ya sauke ta a Kwangila da asuba,
jarka shuɗiya, an ɗaure bakinta da roba,
ƙanƙarar da aka jera mata ta narke tun Lokoja.
Ya ce, “Ga tekunku nan. Kuɗin kujera biyu ne.”
Na goya ta a babur zuwa Samaru,
tana kaɗawa, tana dukan gadon bayana.

Ban taɓa ganin teku ba.
Kubanni na sani, da Galma in ta cika ta batse.
Kafin Dakta Barira ta iso na ɗiga a harshe:
gishiri, da ƙarnin wani wuri mai nisa.

A ido ruwa ne garau, ko haki babu.
Ta zuba a kwalbar da ba ta kai ta turare ba,
ta ce in kashe fanka, in daina jan takalmi,
wai ko tari yana girgiza aikin.
Sai ta kunna leza.
Jan zaren haske ya ratsa ruwan, ya faɗa idon kyamara.

Allo ya cika da zobba,
zobe cikin zobe cikin zobe,
kamar yara sun watsa tsakuwa a tafki lokaci guda.
Na ce, “Dakta, hoton ya lalace.”
Ta ce, “Hologiram ke nan, Malam Sallau.
Haske ne ya kawo ƙara,
yana faɗin duk wanda ya tare masa hanya.”

Kwamfuta ta shiga warware zobban
kamar mai yasar rijiya yana sauka taki-taki,
kowane zurfi da mutanensa.
Ga wani mai ido ɗaya da ƙaho biyu, sun fi shi tsawo.
Ga wata a gidan gilashi mai tagogi,
ba magini, ba leburan da ya ɗauki kwano.
Ga sarƙa, ’yan uwa tara riƙe da ƙugun juna.
Ga mai bulala yana juyi kamar katantanwa.
Dakta ta kira su fulanktan,
ta jero sunaye masu tsawo da harshen Latin.
Ni ’yan shawagi na sa musu.

Kowa aka ba shi lamba,
aka ja masa layi duk inda ya bi.
Kafin azahar allon ya koma wuyan babbar riga,
irin ɗinkin da babana ke yi a zaurenmu na Kwarbai,
zare kore, zare ja, aska a kan aska,
ba allura, ba mai ɗinki.

Arba’in da bakwai ne nawa.
Yakan tsaya cak, kamar ya tuna bashi,
sai ya yi tsalle ɗaya ya tsallake rabin duniya.
Ina biye da shi aka ɗauke wuta.
Na ruga ga janareta, igiya ta ƙi, ja uku, ja huɗu.
Da haske ya dawo an sake rabon lambobi.
Wanne ne shi? Kwamfuta ba ta sani ba,
ba ta kuma damu ba.

Dakta ta ce cikin kowane numfashi biyu da na ja,
ɗaya daga irin waɗannan ya fito.
Shekara hamsin da huɗu ina cin bashinsu
daga nan bayan ganuwa,
ko sannu ban taɓa ce musu ba.

Rana ta uku layuka suka gajarce.
Ta huɗu, ɗigo-ɗigo ne kwance a ƙasan kwalba.
Ta rufe littafinta, ta ce a zubar.

Na kai jarkar bayan ɗakin gwaji, na tuntsurar a kan siminti.
Da yamma wurin ya bushe, ya yi fari fat.
Akuyar mai gadi ta zo tana lasa,
ta ɗago kai ta dube ni,
ta ci gaba.