Inda Fim Ya Tsinke

Jatau, ka tuna daren nan a Garwa?
Sinima ba rufi, taurari a kanmu,
ka biya mana dala goma-goma a ƙofa,
ka sayi gyaɗa mai gishiri a ƙullin takarda,
muka zauna bencin baya inda kuɗin cizo ke sarauta,
ƙanena Ɗanliti a tsakaninmu, ɗan rakiyar dole.

A farin bango Turawa na noma da waƙa.
Ƙato ya ɗaga gatari, kafin ya sara sai ya rera,
matan da siket kamar kwando a kife
suna juyi, ba mai tuntuɓe.
Maganarsu an ɗora mata Faransanci,
waƙar kuwa an bar ta da Ingilishi,
mu ba wannan, ba wancan.
Kai ka zama tafinta:
“Cewa yake, na share daji, na kafa gida, saura ke.”
Daga baya na gane shara ta kake yi,
don ko gaisuwarsu ba ka iya ba a lokacin.
Amma ƙaryar ta zauna daram.

Fim ya tsinke sau biyu, yara suka yi ta fito,
mai inji ya liƙa, aka ci gaba daga wani wuri:
wadda ke fushi ɗazu har ta sa farar riga.
Ba mu ga yadda aka shawo kanta ba.
Aka ɗaura aure, keken doki ya nufi duwatsu,
rubutu ya hau bango, fitila ta kama,
kowa ya karkaɗe rigarsa.

A hanyar gida
ka gyara murya za ka gwada taka.
Jatau, Allah ya ba ka ƙarfin hannu,
amma murya, kwaɗi ya ba rabonka.
Ɗanliti ya yi dariya har ya zubar da gyaɗar.
Ni ma na yi, na rufe baki da gyale.
A nan na yarda, ko ba ka sani ba.

Sai aka tare kogi a Lagdo, ruwa ya kwanta,
aka ce kifi ya fi ƙarfin masu kama shi.
Ka ɗora ni bayan a-kori-kura
da tukunya biyu, tabarma, da tarun aro.
Inda aka sauke mu ba gari, ba suna,
sai ƙaya, sai kututture, sai dorina na tari da dare.
Ka ɗaga gatari. Na tsaya ina jiran waƙa.
Abin da ya fito: “Miƙo min ruwa.”

Ba wanda ya nuna mana wannan a bango:
hayaƙin banda da ya cinye min gashin ido,
daminar farko da ta tafi da rabin ɗaki,
sauro, zazzaɓi, ƙaramin kabarin nan na gindin tsamiya
da har yau ba ma kiran sunan mai shi,
ranar da na ɗaure kayana na kai bakin hanya,
mota ba ta zo ba, kai ka zo,
ba ka ce uffan ba, ka ɗauki ƙullin a ka,
na bi bayanka ina zaginka a zuci har gida.
Wataƙila nan ne wurin da fim ya tsinke.

Yanzu sinimar, an ce, ta zama rumbun siminti.
Jikarmu Barmani na kallon nata a tafin hannu.
Kai kuma ido ya yi yana, kana ɗinkin taru da lalube,
kana gunaguni ƙasa-ƙasa, wani abu mai kama da waccan waƙa,
a karkace, yadda ka ɗauko ta.
Kada ka daina don ka ji motsina.
Shekara arba'in da ɗoriya ina jiran ka kai ƙarshenta.
Ga shayinka nan kusa da ƙafarka ta dama,
ka yi hankali, da zafi.