Daren Jiran Sunaye

Ƙarfe biyun dare a Liverpool,
gidan kula da tsofaffi, hawa na uku,
iskar teku tana kaɗa taga.
Ni da Istifanus muna bakin aiki,
wayarsa a tafin hannu, muna jira.

Kwana arba'in ke nan a gida
manya na ganawa a bayan ƙofa.
An ce yau za a saki sunayen ministoci.
Shayinmu ya huce a kofi,
ba wanda ya lura.

Sai ga su sun faɗo, jere kamar carbi.
Yana karantawa, leɓensa na motsi,
ni ma nawa na motsi.
Bai tambayi wa ya iya aiki ba,
ni ma ban tambaya ba.
Sunan yanka kawai muke bi:
wannan na masallaci, wancan na coci,
wannan fa? Yakubu. To, Yakubun wa?
Naku ne ko namu?
Muka duƙa a kansa kamar masu dara.

Ya ce, "Kun kwashe kuɗi da tsaro,
kun bar mana wasanni da yawon buɗe ido."
Na ce, "Ai mai da ayyuka na hannunku."
Ya ce, "Ƙashi aka jefo mana."
Na ce, "Ƙashin ma da ɓargo."
Murya ta soma tashi,
mun manta a gidan nan da dare ba a son ƙara.

Ƙararrawar ɗaki na sha ɗaya ta buga.
Dattijo Brennan ne, haifaffen Belfast,
shekara tamanin da bakwai,
ƙafafu sun daina jin maganarsa.
Ya jiƙa shimfiɗa, kunya ta rufe shi.
Mutum ɗaya ba ya ɗaga shi,
dokar aiki ma ta hana.
Ni a kafaɗa, Istifanus a ƙugu,
ɗaya, biyu, uku, muka juya shi,
muka sauya zanin gado, muka gyara.

Ya ce, "Na ji ku ta bango. Me aka raba?"
Muka faɗa masa, kowa da nasa lissafi.
Ya yi dariyar da ta ƙare da tari.
Ya ce, "A unguwarmu, sunan makarantarka
ya isa ka san titin da ba naka ba.
Ƙanena ya bi wani, bai dawo ba.
Daga baya manya suka zauna
suka tsaga teburi biyu.
Na ji haushi ƙwarai,
kuma a daren na yi barcin da na daɗe ina nema.
Rabo ba ya sa a so juna, samari,
amma ya fi ɗaukar makara."

Muka koma kujerunmu, shiru.
Na tuna gadar garinmu
da ruwa ya ci tun ina aji huɗu.
Ministan ayyuka ya zo daga coci, ya wuce,
wani ya zo daga masallaci, ya wuce.
Gyatumata da ta Istifanus
kwalekwale ɗaya suke shiga ranar kasuwa,
kuɗin fito ɗaya, faɗuwar gaba ɗaya,
kuma kwalekwalen na yoyo tun bara.

Ban faɗa masa ba. Ya sani.
Ya sake leƙa wayar, ya ce,
"Yakubun nan dai, ina jin namu ne."
Na ce, "Allah ya sa ya san hanyar kogi."
Ya yi tsaki, ya ce, "Da saura."

Asuba ta kawo jiki, na naɗe hannun riga.
Ya karɓi makullin magani, ya ce, "Je ka,
amma Lahadi da safe kai ne a nan."
Shekara uku da muka yi wannan rabon,
ba takarda, ba rantsuwa, ba mai ɗaukar hoto.
Na shimfiɗa darduma a ɗakin wanki,
tsakanin inji da kwandon tawul.
Ina cikin tahiya na ji takunsa a baranda,
ɗaki na huɗu ya sake kira.