Kwali Shida a Oulu

Ƙarfe uku, rana ta riga ta faɗi.
Farfesa Tellervo Pakkanen na zuba
shekara talatin da huɗu cikin kwali shida.

Na farko: takardun da mujallu suka dawo mata da su,
"Binciken bai nuna ba," har sau sha ɗaya.
Ko guda ba ta yar ba.

A babban yatsanta akwai tabon dalma
tun daren da ta haɗa 'yar eriyar
da ta ƙi jin komai.
Wata bakwai tana lallashi
kafin koren layi ya motsa a kan gilashi.
Ba kowa a ɗakin. Mai shara ta yi wa albishir.

An ce mai haƙuri kan dafa dutse.
Ita yashi ta dafa har ya iya lissafi.

Sai matakala: mataimakiya, malama, farfesa,
kowane hawa da tarukansa, da roƙon kuɗin bincike,
har hannun da ya saba da waya
ya koma na sa hannu.

Ɗalibai sun watse.
Sanni na da kamfani, Eero na Seoul,
Veikko ya tafi arewa kiwon barewar ƙanƙara,
shi kaɗai ke aiko kati.

Kwali na shida bai cika ba.
Ta ɗauko ƙarfen dalma, ta jona,
ta zauna jiran ya yi zafi.
A waje ƙanƙara na binne kekenta.