Minti Goma Sha Ɗaya

La'asar sakaliya, hadari ya haɗo daga wajen Mirriya,
baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.
Ina sama cikin ɗakin gilashi,
shayina ya huce a kan takardar yanayi.

Muryarsa ta shigo kamar kowace Talata:
"Damagaram, barka da aiki. Na baro Difa, ina da nisan..."
Tsawa ta faɗi bayan hasumiya.
Sauran maganar ta koma ƙarar mai a kasko,
can ita ma ta ɗauke.

Na danna, na kira. Na sake dannawa.
Na juya ga na'urar ko-ta-kwana,
ta yi mini shiru irin na wanda ake bi bashi.
Ma'azu ya suri jakar kayan aiki ya sauka a guje,
silifa ɗaya a ƙafa, ɗaya a matakala,
yana faɗin eriya ce, eriya ce, tun bara nake faɗa.

Shekara shida ina saukar da mutumin nan,
ban san fuskarsa ba.
Na san yakan ja numfashi kafin ya faɗi lamba.
Na san ranar da mura ta kama shi.
Na san ba ya cewa sai an jima,
sai "mu kwana lafiya", ko da rana tsaka.
Ga shi yanzu tsakanin gajimare da duwatsun Birni,
rai tara a bayansa,
yana kiran sunan garinmu,
kunnena kuwa ya zama dutse.

Baba ne ya faɗo mini a rai.
Shekara arba'in a majema, tsufa ya karɓe jinsa,
ko kiran salla sai ya ga mutane sun miƙe.
Idan duhu ya same shi can wajen shanya fata
nakan tsaya bakin zaure in ɗaga fitilar ƙwai.
Sau ɗaya, tuwo ya sauka.
Sau biyu, ka yi baƙo.
Shi kuma ya ɗaga hula.
Ba mu taɓa saɓani ba a wannan yaren.

Fitilar ishara na rataye a ƙusa,
gizo-gizo ya yi mata mayafi.
A makaranta mun yi mata dariya.
Na sauko da ita, hannuna na rawa,
na goge idonta da bakin riga.

Sai ga shi, ƙasa da hadari, ƙarami kamar shirwa,
yana kewaya mu, yana jiran a ce wani abu.
A daidai nan awakin wani bawan Allah
suka ga babu wurin fakewa sai titin sauka.
Na ba shi ja. Dakata, ɗan'uwa, ƙara kewayowa.
Ɗantani mai gadi ya bi su a babur,
rawaninsa na warwarewa, iska na cinye ashar ɗinsa.
Bakwai, takwas, da 'yar gurguwa ta ƙarshe.

Na ba shi kore. Na riƙe.
Na riƙe har kafaɗata ta yi tsami.

Ya karkata fiffiken dama, ya karkata na hagu.
Hular Baba ke nan.

Taya ta taɓa kwalta tare da ɗigon ruwan farko.
Sai a lokacin akwatin ya yi tari,
Ma'azu na ciki yana ƙirga ɗaya, biyu, ana ji na?
Ana jin ka, Ma'azu. An riga an sauka.

A littafin aiki layi ɗaya suka tanada:
sadarwa ta katse, ƙarfe kaza zuwa kaza.
Babu gurbin awaki,
babu gurbin abin da na roƙi Allah.

Ina cikin rubutu na ji taku a matakala.
Wani gajeren mutum mai furfura, jiƙe sharkaf,
riƙe da silifa ɗaya.
Ya tsaya bakin ƙofa, ya ja numfashi.
Tun nan na gane shi,
kafin ya ce, "Wannan ta wace ƙafa ce?"