Saƙo Cikin Ƙanƙara

Daga Yamai ya iso Damagaram,
ɗan kwalba bai kai ɗan yatsa ba,
farin gari a gindi. Sitokin.
Kalmar da jini ke aikawa ce:
ku taso, ku kumbura.

Ɗigo uku na zuba wa ƙwayoyin halitta.
Da la'asar wuta ta ɗauke,
na tsare bakin firigo
ina lissafin man janareta.

Da safe farantin ya yi rawaya.
Sun ji kira, sun amsa.

A Birni gwiwar Baba Tanimun
ta ƙi lanƙwasuwa a sujada.
Ya ce, Falmata, me kika gano?
Na ce, yaren da take kuka da shi.
Magani fa?
Na ɗora tafina a kanta.
Zafi rau.